Tafiretar Malam Gwadabe

Shafi na 14

Da sunan Allah nake farawa. Masu cika mini waya da saƙo tun jiya, wai na bar ku tsaye a ƙofar gidan suna, ku yi haƙuri, ga ni na dawo. Wanda kuma yau ya shigo, ga inda aka kwana: Zulaihat 'yar Malam Gwadabe ta unguwar Gobarau, shekararta uku da gama bautar ƙasa, ta nemi aiki sau sittin da uku, ko "mun gani" ba a taɓa ce mata ba. Yau ta biyo ƙawarta Sadiyya gidan suna a Ƙofar Guga, kuma ba barka kaɗai ta kawo ta ba.

*

Sai da ta bari aka gama rabon waina, mata suka koma tsakar gida ana ta shewa, sannan ta ja hannun Sadiyya zuwa ɗakin ƙarshe, inda aka jibge kuloli da jakunkunan baƙi. Ta tura ƙofa ta jingina da ita.

Sadiyya jiya ta sauka daga Abuja, sunan ɗan yayarta ta zo. Shekararta biyu tana aiki a sashen ɗaukar ma'aikata na wani kamfanin shinkafa, kuma kamfanin nan ne ya gina sabuwar masana'anta a wajen Batagarawa, yake neman sababbin masu digiri talatin. Daga Gobarau zuwa can, Napep ɗaya ce za ta kai mutum.

Zulaihat ta daɗe tana dafa maganar a cikinta, don haka da ta buɗe baki sai ta zubo ba tsari. Ta tuna mata benci ɗaya da suka zauna a sakandare. Ta tuna mata wa ya riƙa koya mata lissafi a ƙarƙashin bishiyar bedi har ta haye jarrabawa. Ta ce sau uku tana neman aiki a kamfaninsu, bara, da bara waccan, da kuma makon jiya.

"Ban ce ki ba ni aiki ba, Sadiyya. Na san ba gidanku ba ne. Amma ko kira ɗaya, ki ce mini kin ga sunana ya wuce ta gabanki?"

Sadiyya ta tsaya da ɗankwali a hannu tana kallonta.

"Wallahi ban taɓa ganin sunanki ba."

"Kada ki rantse."

"Na rantse kuma. Ni har fushi na yi da ke, na ɗauka raina kamfanin namu kika yi."

Nan fa jikin Zulaihat ya yi sanyi, don ta san Sadiyya da rawar kai da son gayu, amma ba ta san ta da rantsuwa a kan ƙarya ba.

Sadiyya ta janyo jakarta daga cikin tarin jakunkuna ta fito da kwamfutar ofis. Ta ce a ƙa'ida bai kamata ta nuna wa kowa ba, amma yau dai sai ta ga ƙarshen wannan magana. Suka zauna a bakin katifa. Tana jiran intanet ya kama tana yi mata bayani: wannan karon mutum dubu bakwai da ɗoriya suka nema, su kuwa su huɗu ne a ofis, ko kwana za su riƙa yi ba za su karance ba. Saboda haka manhaja ce ke karanta takardar kowa, ta ba shi maki, ta miƙo musu ɗari biyu na sama. Sauran kuwa babu idon ɗan Adam da ke sauka a kansu. Ta ce ita kanta ba duk sharuɗɗan da aka ba manhajar ta sani ba, ogansu ne ke sakawa.

Ta rubuta Zulaihat Gwadabe. Babu.

Ta juya sunan. Babu.

Ta ce ta faɗo mata adireshin imel ɗinta. Da ta saka, sai ga shi ya fito can ƙasa, a wani rukuni da ake kira waɗanda ba su cika ba. Ta danna.

Suna: babu.

Makaranta: babu.

Digiri: babu.

Maki: sifili.

Zulaihat ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ta ce ai wannan ba ita ba ce, an dai samu kuskure. Ita da ta fita ta biyu a ajinsu a kimiyyar abinci, har shugaban sashe ya kira ta ofis ya sa mata albarka? Sadiyya ta danna takardar da aka liƙa.

Ga ta nan kuwa. Farar takarda, haruffa baƙi-baƙi a jere kamar an auna da zare, sa hannu da shuɗin biro a ƙasa, hoton fasfo a kusurwa. A gefe har ana hango bakin dardumar da aka shimfiɗa ta a kai aka ɗauki hoton.

"Wa ya buga miki wannan?"

"Baba."

"Da me?"

"Da tafiretarsa."

Sadiyya ta rufe ido ta ce innalillahi a hankali.

To bari in tsaya in gaya wa sababbin shigowa wane ne Malam Gwadabe, don in ba ku san shi ba za ku ce Zulaihat sakarya ce, kuma wallahi ba sakarya ba ce.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga tafireta a sakatariya. A zamaninsa in takarda ta fito daga hannunsa, babban sakatare ba ya ma karantawa, sa hannu kawai yake yi. Mutanen da ya buga wa takardar neman aiki kyauta a zaurensa, wasu sun zama daraktoci, wasu yanzu ko gaisuwa sai ta waya. Da farar hula suka dawo aka cika ofisoshi da kwamfuta, aka kwashe tafiretoci aka zuba a sito kamar tsofaffin kwanoni. Ya roƙi tasa aka bar masa, ya ɗauro ta a bayan keke ya kawo gida. Bai daɗe ba shi ma aka ce ya huta.

Watan da Zulaihat ta dawo daga bautar ƙasa, a watan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutumin da ba ya zama ya koma kwance yana kallon rufi, ba ya cin abinci, ba ya son magana. Ran nan ta kawo masa takardar bayananta da aka buga mata da kwamfuta a kafe, wato shagon intanet, don ya sa albarka. Ya karɓa da hagu, ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce wannan ba ta da mutunci. Babu lamba, babu kwanan wata, babu sa hannu, kamar takardar tallan magani. Ya ce a ɗauko masa tafireta.

Ranar ce ya fara tashi zaune.

Da yatsa ɗaya na hagu yake bugawa. Shafi guda kan ɗauke shi daga hantsi har azahar. In ya yi kuskuren harafi ɗaya a layin ƙarshe, sai ya zare takardar ya sake daga farko, don a cewarsa takardar neman aiki ba ta ɗaukar gyara. Ƙyallen tawadar tafireta an daina sayar da shi a kasuwa, sai ya riƙa jiƙa tsohon da tawadar hatimi yana shanyawa a rana. Kowane kamfani da tasa takardar, kowace da kwafinta na kabon a fayil. Yana da wani dogon littafi mai baƙar bango da ya ja wa layi da kansa: lamba, kwanan wata, inda aka aika, sai gida na ƙarshe da ya rubuta wa "Amsa". In ya gama, ya tofa addu'a, ta sa hannu, ta shimfiɗa a darduma ta ɗauki hoto da waya, ta mayar da shi irin fayil ɗin da ake nema, ta tura.

Likita da ya ga yadda jikin ke dawowa ya ce ko me yake yi a bar shi ya ci gaba. Hajo, mahaifiyarta, ta riƙe hannunta a madafa ta ce don Allah kada ta hana shi, wannan ce kaɗai ke fitar da shi daga ɗaki. Ita ma Zulaihat ɗin, gaskiya, alfahari take yi. Tana ganin a cikin dubban takardu masu kama ɗaya, tata ce za ta sa mai dubawa ya tsaya.

Allah sarki. Ashe babu mai dubawar.

Sadiyya ta yi mata bayani a hankali, kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Ta ce manhajar rubutun kwamfuta take karantawa. Abin da Zulaihat ke turowa hoto ne, kuma tawadar ta yi dishi-dishi, wani harafin ya cika wani ya kode. A wurin manhajar, da wannan da hoton bango duk ɗaya ne. In ta duba ba ta ga komai ba sai ta jefa shi cikin waɗanda ba su cika ba, su kuwa ko saƙon ba da haƙuri ba a tura musu.

"Sauran wuraren fa?" Zulaihat ta tambaya. "Bankuna, da kamfanin taki, da na madara?"

"Ban ce duka ba. Amma yawanci irin manhajar ɗaya ce."

Zulaihat ba ta yi kuka ba a lokacin. Abin ya fi ƙarfin kuka. Ta zauna tana kallon sa hannunta a allon, tana tuna shekara uku na azumin Litinin da Alhamis, da rubutun sha da Hajo ke karɓo mata, da daren da ta yi ta zargin kanta ko wani zunubi ta yi. Ta zargi 'yan uwan uba da hassada. Ta zargi masu hanya da 'ya'yan manya. Ta zargi Sadiyya. Mutum ɗaya ne tak bai taɓa zuwa mata a rai ba, kuma shi ne yake zaune yanzu a rumfa yana shanya ƙyallen tawada.

Sadiyya ta dubi agogo. Biyu da kwata. Ta ce ƙarfe huɗu na yau ake rufe shafin neman aikin, kuma kafin a rufe mutum na iya cire takardarsa ya saka wata. Ta tambaye ta shekarunta. Ashirin da shida, wata mai kamawa za ta shiga da bakwai. Kamfanin kuwa, kamar yawancinsu, ba ya ɗaukar sabon mai digiri da ya haura ashirin da shida. Ba sai an faɗa ba, su biyun sun san wannan ce ta ƙarshe.

Minti goma ya isa a buga sabuwa, in ji Sadiyya, amma ana buƙatar lambar shaidar digiri da ta bautar ƙasa. Su kuwa suna gida, cikin fayil ɗin Baba.

Zulaihat ta riƙe mata hannu gam.

"Ki yi mini alkawari ba zai sani ba. Gara in rasa aikin da ya sani. Sadiyya, kashe shi zai yi."

"Na yi miki alkawari."

Suka fita ta ƙofar baya ko sallama ba su yi wa mai jego ba.

*

Zafin bazara ake yi irin mai sa kwalta ta yi laushi. Napep ta sauke su a bakin lungu, hasumiyar Gobarau na tsaye can bisa rufin gidaje, suka ƙarasa da ƙafa. Dabarar Zulaihat ita ce ta shige ɗaki ta kwafo lambobin, Sadiyya ta jira a zaure. Amma ina, a Katsina ƙawar 'yarka ta zo daga Abuja ta tsaya a zaure ba ta shigo ta gaishe ka ba? Tun kafin su gama shawara Hajo ta ji muryarsu ta ɗaga labule ta ce lale, mutanen Abuja, ku shigo mana, Malam tun safe yake cigiyarki.

Yana zaune a rumfa bisa tabarma, ya jingina da bango, hannun dama a kwance kan cinya. Tafireta na gabansa a kan ɗan teburinta, dogon littafin a gefe. Sadiyya ta durƙusa. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mai jego da jariri da sunan da aka raɗa, ya tambayi mahaifinta da ciwon ƙafarsa, ya tambayi Abuja da tsadarta. Zulaihat na tsaye tana satar kallon waya. Uku saura minti biyar.

Da gaisuwa ta ƙare sai ya janyo wata ambulan daga ƙarƙashin littafin, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce tun da ya ji za ta zo ya zauna ya buga takardar tuni, kwana biyu ya yi a kanta. A aikin gwamnati in an aika takarda ba a ji amsa ba, tuni ake yi. Yana so ta kai ta hannu da hannu ga babban akawunsu.

Sadiyya ta karɓa da hannu biyu ta ce to Baba, insha Allahu.

"Mi sunanshi?"

"Wa, Baba?"

"Babban akawun naku. Mai buɗe wasiƙu."

Ta ce ai yanzu tsarin ya ɗan canza, ba mutum ɗaya ba ne. Ya gyaɗa kai, ya ce to madalla, aiki ya ci gaba. Sai ya tambaya ko ita da idonta ta ga takardar ɗiyarsa. Ta ce ta gani. Wannan kam ba ƙarya ta yi ba. Ya tambaya ko bugun ya fito sosai, don tawadar ta fara ba shi wahala. Ta ce ya fito.

"Da ta iso, wace lamba kuka ba ta? In rubuta a nan."

Ya buɗe littafin, ya ɗauki biro da hagu.

Sadiyya ta dubi Zulaihat. Kallon bai fi ƙiftawar ido ba, amma mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya a sakatariya ya san fuskar ƙaramin ma'aikaci in fayil ya ɓace a hannunsa. Ya ajiye biron.

Zulaihat ta yi sauri ta ce Baba, sauri suke yi, lambobin shaidarta kawai za ta ɗauka, Sadiyya za ta gyara mata wani abu kafin huɗu.

"Gyara?" ya ce. "A takardar da na buga?"

Sai ya dubi Zulaihat.

"Uwata, zauna."

Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta zauna a bakin tabarma.

Ya juya ga Sadiyya. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Ɗiyata, tun kina da tsawon wanga tebur nike ganinki cikin gidan nan. Na haɗa ki da Allah, ki gaya mani abin da ke cikin takardata."

Ku gaya mini, jama'a, wace 'yar Musulmi ce dattijo mai furfura zai haɗa da Allah ta iya ci gaba da rufa-rufa? Ni dai ban ga laifin Sadiyya ba, ko da yake na san wasunku za su cika mini waya da zaginta. Ta dubi Zulaihat hawaye na zubo mata, ta ce ki yafe mini. Sannan ta sunkuyar da kai ta faɗa masa duka. Dubu bakwai. Manhaja. Hoto. Sifili. Ta yi ta nanata cewa babu kuskure ko ɗaya a bugunsa, ita ba ta taɓa ganin takarda mai tsabta irin tasa ba, na'urar ce kawai ba ta iya gani.

Ya saurara har ta gama, bai katse ta ba. Hajo na tsaye a ƙofar madafa da kwanon fura a hannu, ta kasa gaba ta kasa baya.

"Wato ba a ƙi ta ba," ya ce. "Ba a dai gan ta ba."

"Haka ne, Baba."

"Babu wanda ya karanta."

"Babu."

Ya janyo littafin ya fara buɗe shafukan da yatsan nan nasa ɗaya, wanda kansa ya yi kanta saboda bugu. Shafi bayan shafi, rubutun hagu mai karkata, gidan "Amsa" fari fat tun daga sama har ƙasa. Ya kai lamba ta sittin da uku ya tsaya.

"Dukansu?"

Zulaihat ce ta ce a'a Baba, ba duka ba, wasu wuraren ai mutane ne ke dubawa, rabo ne dai bai zo ba. Ya dube ta irin kallon da yake mata tana ƙarama in ta ce ba ita ta sha madarar ba.

"Ke kin kawo taki," ya ce. "Ranar ina kwance. Kin kawo wadda za a gani, na ce ba ta da mutunci."

"Baba, don Allah."

"Shekara uku ina tashi da asuba ina jin ni ma ina da amfani. Ina cewa ko ban bar maki gona ba, ban bar maki gida ba, na bar maki hannuna. Ashe ni ne na zauna maki a ƙofa."

A nan kukan da ta riƙe tun Ƙofar Guga ya ƙwace. Ta rarrafa ta kama hannunsa na dama, wanda ba ya ji, ta kifa fuska a kai. Tana cewa wallahi ba ta taɓa nadama ba, wallahi ko yau aka ce ta zaɓa tsakanin aikin da tashinsa zaune, tashinsa za ta zaɓa. Gaskiya take faɗa. Amma can ƙasan zuciyarta akwai wani ɗaci da ta kasa haɗiyewa, na shekara uku da ba za su dawo ba, kuma ta tsani kanta da ta ji shi. Shi ma ya san yana nan, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Bai yi kuka ba. Ya zare hannunsa na hagu ya dafa kanta, ya tambayi Sadiyya ƙarfe nawa. Uku da minti ashirin da biyar.

"To mi kuke jira? Hajo, miƙo masu fayil."

Sadiyya ta buɗe kwamfuta a kan tabarma. Babu wuta tun safe, cajin ya yi ƙasa, ta jona da intanet ɗin wayarta. Zulaihat na karanto mata daga kwafin kabon na Baba, don duk bayanan suna ciki a tsare, ita kuwa tana bugawa da yatsu goma. Abin da ke ɗaukarsa hantsi zuwa azahar, kafin Hajo ta ajiye kwanon fura ta dawo an yi rabi. Shi kuwa Baba yana ta kallon yatsun Sadiyya.

Da suka gama Zulaihat ta juyo masa da allon, don tun tana firamare ko wasiƙar neman izini ba ta fita gidan nan sai ya duba. Ya kawar da kai.

"Ku tura."

"Ba za ka duba ba, Baba?"

"Ku tura, Uwata."

Wannan ya fi mata zafi fiye da duk abin da ya faɗa.

Yayin da abin ke juyawa a allo, sai ta ga ya miƙa hannu bayansa ya janyo rigar tafireta, wadda Hajo ta ɗinka da ragowar atamfa, wadda ba a sa mata sai in za a yi ruwa. Da hannu ɗaya ya yi ta fama, gefe na zamewa yana janyowa. Hajo ta matso za ta taimaka ya ce ta bari. Sai da ya rufe ta ruf, ya shafa samanta sau ɗaya.

Huɗu saura minti goma sha biyu takardar ta shiga. Daidai lokacin ladan ya ɗaga murya da kiran la'asar.

Sadiyya ta koma ɓangaren ofis ta sake neman sunan. Wannan karon bai ɓuya ba. Gidajen da suke babu, babu, babu, duk sun cika. Zulaihat Gwadabe. Kimiyyar abinci. Sakamako mai daraja. Lambar bautar ƙasa. Zulaihat ta ga sunanta a wurin da shekara uku ba ya nan.

"Na'urar ta gan ta?" Baba ya tambaya.

"Ta gan ta, Baba."

"Alhamdulillahi." Ya lumshe ido. "Alhamdulillahi. Ko yanzu na mutu."

Hajo ta ce haba Malam, wace irin magana ce wannan, ta tafi ɗebo masa ruwan alwala. Har ya fara naɗe hannun riga.

Zulaihat ce ta lura Sadiyya ta daina motsi. Ta matsa kusa. Wani jan layi ne ya fito a ƙarƙashin sunan, wanda ɗazu babu shi. Sadiyya ta ɗan karkato mata allon, ta ɗora yatsa a wurin. Sharaɗi ne daga cikin waɗanda ogansu ya saka, wanda ba a rubuta a talla ba, don a rage yawan mutane. Duk wanda ya wuce shekara biyu da gama bautar ƙasa bai yi aiki a ko'ina ba, a cire shi. A gaban sunanta manhajar ta lissafa da kanta: shekara uku, babu aiki.

Bara da manhajar ta gan ta, da ta wuce.

Wayar Zulaihat ta yi ƙara a kan tabarma. Imel ne daga kamfanin. Layi uku na Turanci mai ladabi: sun gode da sha'awarta, sun duba takardarta da kyau, suna baƙin cikin sanar da ita ba za su ci gaba da ita ba, suna yi mata fatan alheri. Minti huɗu tsakanin turawa da amsa.

Ta yi saurin kife wayar, amma ya riga ya ji ƙarar.

"Su ne?"

Sai ya juya ga ƙawarta.

"Sadiyya, su ne?"

"Su ne, Baba."

Fuskarsa ta washe irin yadda ba ta washe ba tun kafin ciwo. Ya ture butar da Hajo ta ajiye, ya janyo dogon littafin ya ɗora a gwiwa, ya bi layin sittin da uku da yatsa har gidan ƙarshe. Ya cire murfin biro da haƙori, ya saita bakinsa a kan farin wurin.

"Shekara uku ina jiran in rubuta wani abu a nan," ya ce. "Karanto mani, Uwata. A hankali, hannun ba ya sauri."